Aikin Sa Kai a Tseren Hakone na Ƙasar Japan

Gabatarwa

Duk lokacin da aka kammala gasar gudu, sunan wanda ya zo na ɗaya ake ji a rediyo, hotonsa kuma ake gani a jarida. Ba a cika tambayar waye ya tsare hanya ba, ko waye ya miƙa masa ruwa. Wannan maƙala za ta duba aikin irin waɗannan mutane, tare da kafa misali da tseren Hakone na ƙasar Japan, domin gasa ce ta ɗaliban jami'a kamarmu, kuma ɗalibai ne ke ɗauke da mafi yawan hidimarta.

Ma'anar Ekiden

Ekiden shi ne sunan da Japanawa suke kiran tseren karɓa-karɓa na dogon zango. Kalmar ta samo asali ne daga tsohon tsarin aika saƙo, inda manzo yake kai wasiƙa wani zango, wani kuma ya karɓa ya ci gaba. An yi tseren farko a shekarar 1917 daga Kiyoto zuwa Tokiyo. A maimakon sanda, 'yan tseren suna rataya wani ƙyalle ne a kafaɗa, wanda ake kira tasuki, kowa ya miƙa wa na gabansa.

Taƙaitaccen Tarihin Tseren Hakone

An fara wannan tsere a shekarar 1920 da jami'o'i huɗu kacal. Daga cikin waɗanda suka assasa shi akwai Kanakuri Shiso, wanda ya wakilci Japan a wasannin Olamfik na 1912. Ana yin sa ne ranakun 2 da 3 ga Janairu. A rana ta farko ana tashi daga Tokiyo zuwa tafkin Ashi da ke Hakone, tafiyar kilomita 107.5, washegari kuma a dawo, kilomita 109.6. An raba hanyar zuwa zango goma, kowane zango da ɗan tsere ɗaya. Jami'o'i goma da suka zo a sahun gaba ne kawai ke da tabbacin dawowa baɗi. Sauran sai sun sake shiga gasar share fage a watan Oktoba. A shekarar 2024 aka yi karo na 100.

Su Wa Ke Gudanar da Shi?

Ƙungiyar wasannin guje-guje ta jami'o'in yankin Kanto ce ke shirya tseren, kuma ɗalibai ne ke gudanar da ayyukanta na yau da kullum. Su ke tsara takardu, su zauna da 'yan sanda a kan rufe hanyoyi, su raba wa kowa wurin tsayuwarsa. Ana iya kasa masu hidimar ranar tsere gida huɗu:

1. Masu tsaron hanya. Waɗannan su ne mafi yawa. Suna jeruwa a bakin titi tun da sassafe cikin tsananin sanyi, su hana 'yan kallo shiga hanya. Da yawansu 'yan gudu ne daga jami'o'in da suka faɗi a gasar share fage. Ƙa'idar aikin ita ce su fuskanci jama'a, su juya wa titi baya. Ke nan wanda ya shekara yana atisaye don ya yi wannan tsere, ko wucewar 'yan tseren ba zai gani da kyau ba.

2. Masu ba da ruwa. Kowace jami'a tana rajistar mutum 16, amma goma ne za su yi gudu. Waɗanda ba a zaɓa ba sukan karɓi aikin ruwa. Mai ba da ruwa yakan bi abokinsa da gudu na ɗan taƙaitaccen nisa, ya miƙa masa gora, ya kuma gaya masa tazarar da ke tsakaninsa da na gabansa.

3. Masu auna lokaci. Suna tsayawa a wurare daban-daban da agogo, su aika wa mai horarwa da sakamako ta waya, shi kuma yana biye da ɗan tserensa a mota.

4. Masu tarbo a zango. Ɗan tsere yakan iso bayan gudun kusan kilomita 20, wani ma yana miƙa ƙyallen sai ya faɗi. Akwai wanda aikinsa shi ne ya tare shi, ya lulluɓe shi, ya janye shi daga hanya kafin na baya ya iso.

Muhimmancin Aikin

Mai karatu zai iya ɗauka cewa tsayuwa a bakin titi ƙaramin aiki ne. Abubuwa biyu da suka faru sun nuna akasin haka. A shekarar 2011 wani ɗan tseren Jami'ar Kokugakuin ya bi motar talabijin ya saki hanya, saura ƙiris ya kai ƙarshe. Da ƙyar ya juyo ya zo na goma, da tazarar daƙiƙa uku tsakaninsa da na bayansa. Da ya ƙara jinkiri kaɗan, da jami'arsa ta rasa gurbinta na shekara mai zuwa. A shekarar 2017 kuma, saboda kuskure wajen tsayar da motoci a wata mararraba a Tokiyo, mota ta kusa kaɗe wani ɗan tsere. Sakacin daƙiƙa guda a irin wannan wuri na iya jawo asarar rai.

Akwai kuma aiki mai ɗaci. A rana ta biyu, idan na kan gaba ya wuce zango da minti 20 amma ɗan wata jami'a bai iso ba, dole a sallami abokinsa da ke jira da wani ƙyalle na wucin gadi. Sau da yawa mai isowar yana hango zangon ake sallamar abokin nasa. Masu kula da zango ba su da ikon ƙara masa ko daƙiƙa ɗaya, domin dole a buɗe hanya ga jama'ar gari a kan lokaci.

Kammalawa

Bahaushe na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum goma ne ke gudu a kowace tawaga, amma ba za su kai ƙyallensu Hakone su dawo da shi ba sai da waɗanda suka yarda su yi aikin da ba a tafa masa. A nan akwai darasi gare mu. A duk lokacin da sashenmu ya shirya taro ko makon al'adu, masu son riƙe makirufo sun fi masu son jera kujeru yawa. Idan aka sake neman masu sa kai, ya kamata mu tuna da ɗalibin da ya faɗi a watan Oktoba, amma ya fito a watan Janairu ya tsare wa wanda ya kayar da shi hanya.