Darasin kimiyya: Me ya sa ruwan randa yake sanyi?

Yara, a watan Afirilu da na Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Tawa da Maraɗi da Damagaram. A ce kun taso daga makaranta da tsakar rana, ƙishirwa ta kama ku. A gida ga bokitin roba, ga randa, dukansu a inuwa. Ruwan kuma daga rijiya ɗaya aka jawo shi da safe. Wanne za ku nufa? Kowa ya san amsa. To, mene ne dalili?

Na yi wannan tambaya a azuzuwa da dama. Wasu suka ce ai da ƙasa aka gina randa, ƙasa kuwa sanyi gare ta. Wasu suka ce saboda duhun cikinta ne. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, innata ta ce randa gumi take yi." Ƴan aji suka fashe da dariya. Alhali ita ce ta fi kowa kusa da gaskiya. Amma kada ku yarda don kawai na faɗa. Mu gwada da hannunmu.

Gwaji na farko

Kowa ya jiƙa bayan hannunsa na hagu, ya bar na dama a bushe. Ku hura iska da baki a kan na dama, sannan a kan na hagu. Wanne ya fi jin sanyi? Ku jira kaɗan ku duba: ruwan ya ɓace. Bai shiga cikin fata ba. Ya zama tururi ne, wanda ido ba ya gani, ya bi iska. Da Faransanci ana kiran wannan "évaporation".

Ruwa ba ya zama tururi sai ya samu zafi. Ruwan da ke hannunku a jikinku ya ɗebi zafin, ya tafi da shi, shi ya sa kuka ji sanyi. Zafin da yake ɗiba kuwa ba kaɗan ba ne. Kafin lita 1 ta ruwa ta bushe ƙaf, tana cin zafi fiye da sau 5 na wanda ake bukata a ɗora ruwa mai sanyin ƙanƙara a wuta har ya tafasa. Aikin gumi ke nan a jikin mutum.

Gwaji na biyu

Ku samo kwalba 2 masu girma ɗaya, ku cika su da ruwan bokiti ɗaya. Ku naɗe ta farko da jiƙaƙƙen tsumma, ta biyu da busasshe. Ku rataye su a inuwa, inda iska ke kaɗawa, kusa da juna. In kun sa ɗaya a rana ɗaya a inuwa, gwajin ya ɓaci, domin ba za ku san ko tsumma ne ya yi aiki ko inuwa ba. A kowane gwaji abu ɗaya tak ake sakewa.

Bayan awa 1, ku auna zafin ruwan kowace kwalba. In tsumma ya bushe kafin lokaci, a sake jiƙa shi. Ma'aunin zafi na gilashi irin na likita ba zai yi ba, domin daga digiri 35 yake farawa. In makarantarku ba ta da ma'auni, ku tsoma yatsa. Sai dai wanda zai tsoma ya rufe ido, kada ya san kwalbar da aka miƙa masa. Na sha ganin yaro ya ji sanyin da babu, don ya riga ya san amsar da malam yake so.

Direbobin manyan motoci suna ɗinke jarka cikin buhu, su jiƙa, su rataye a jikin mota. Makiyaya kuma suna da salka. Duk dabarar ɗaya ce da ta kwalbarku.

Gwaji na uku

Yanzu mu koma ga randa. Ku shafa bayanta: da danshi. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, ya bushe a waje, ya tafi da zafin na ciki. Roba ba ta da irin waɗannan ƙofofi. Shi ya sa sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyi, domin dauɗa takan toshe ƙofofin tsohuwa. In aka shafe randa da fenti ko siminti, an kashe ta.

In haka ne, dole ruwan randa ya riƙa raguwa ko da ba wanda ya sha. Mu auna. Ku zuba ruwa a ƙaramin tulu da bokitin roba, ku yi alama inda ruwan ya tsaya, ku rufe bakinsu sosai. Gobe war haka, ku cika kowanne zuwa alamarsa da gwangwanin da kuka san awonsa. Ku rubuta a kayenku yawan abin da kowanne ya ci.

Lissafi: a ce randa tana rasa rabin lita kowace rana. Lita nawa za ta rasa a mako 1? A kwana 30 fa? Tunda lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, kilo nawa iska ta kwashe a kwana 30 ɗin?

Tukunya cikin tukunya

Wanda iyayensa ke noman rani ya san baƙin cikin tumatir. A tsinko shi yau, jibi ya fara ruɓewa, dole a sayar da shi da araha ko a zubar. Wani malamin makaranta a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya dubi wannan asara a ƙauyukan Jigawa, inda babu lantarki balle firji. Ya sa magina tukwane suka yi masa tukunya babba da ƙarama. Ya sa ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da rairayi, ya jiƙa rairayin, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwa yana bushewa ta jikin babbar, kayan da ke cikin ƙaramar suna yin sanyi. Tumatir da tattasai sai suka riƙa yin makonni ba su lalace ba. A shekarar 2000 ya samu kyautar Rolex saboda wannan aiki. Dabarar ta kai har Sudan, inda ake ce wa tukunyar "zir".

Ku ma za ku iya. Tukwanen Mirriya sun yi suna, amma na kasuwar garinku sun isa, muddin ba a shafe su da komai ba. Ku fara zuba rairayi a gindin babbar, har bakin tukwanen biyu ya daidaita. Tsakaninsu ya kai faɗin yatsa 2 ko 3. A jiƙa rairayin safe da yamma, a ajiye a inuwa mai iska. Kada a sa a ƙuryar ɗaki.

Ku kiyaye: wannan ba firji ba ce. Firji yana kai wa digiri 4, tukunya ba ta kai ko kusa. Kada a ajiye nama ko kifi a ciki.

Aikin mako: ku samo tumatir 6 masu nuna ɗaya. Ku sa 3 a cikin tukunya, 3 a faifai kusa da ita. Kowace safiya ɗalibi ɗaya ya duba, ya rubuta a allo ranar da kowanne ya fara laushi. Ku adana sakamakon a kaye. In damina ta sauka, iska ta cika da danshi, har wanki ya daina bushewa da wuri, ku sake gwajin. Kafin ranar, kowa ya rubuta abin da yake tsammani zai faru, da dalilinsa.