Kaurin Tsirkiya da Muryar Jita: Nazari a Kan Zaɓi Tsakanin Siririya da Kakkaura

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda kaurin tsirkiya yake shafar muryar jita, da hannun makaɗi, da lafiyar jikin jitar kanta. An bi ƙa'idojin kimiyyar sauti da lissafin ɗamewar tsirkiya, aka gwama su da abin da aka sani na tarihin wasu fitattun makaɗa. An gano cewa kauri shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa shi da tsawon tsirkiya, da muryar da aka ɗame ta a kai, da yanayin ƙasar da ake kiɗan. An kuma nuna abin da batun zai ƙara wa nazarin kayan kiɗan Hausawa masu tsirkiya.

Fitilun Kalmomi: jita, tsirkiya, kauri, ɗamewa, kiɗa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin tsirkiya. Molo yana da uku, garaya biyu, kuntigi kuwa, wanda Ɗanmaraya Jos ya shahara da shi har rasuwarsa a 2015, ɗaya tak gare shi. Jita baƙuwa ce a cikin wannan dangi, amma ta zauna. Ana jin ta a majami'u da wuraren biki na Arewacin Nijeriya, ta kuma yi kaka-gida a Jamhuriyar Nijar, musamman a hannun Abzinawan yankin Agadas. Mdou Moctar, ɗaya daga cikin fitattunsu, da wayoyin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato aka naɗi faifansa na farko a 2008.

Manazarta kiɗan Hausa sun bayyana siffar kayan kiɗa da matsayin makaɗa a cikin al'umma, kamar yadda Ames da King suka yi a ƙamusunsu na 1971. Tambayar da wannan maƙala ta fuskanta ƙarama ce a ido: me ke sa makaɗi ya ɗaura siririyar tsirkiya ko kakkaura? Amsarta ta shafi ko ɗan koyo zai ɗore ko zai yar da jitar saboda zogin yatsa, ta kuma shafi ko jitar za ta yi shekaru ko wuyanta zai lanƙwashe.

2.0 Yadda Ake Auna Kauri

Ana auna kaurin tsirkiyar ƙarfe da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Tsirkiyar da aka rubuta wa .010 kaurinta milimita 0.254 ne, mai .009 kuwa kimanin milimita 0.229. Jita tana ɗaukar tsirkiya shida, makaɗa kuma suna kiran jerin duka da lambar mafi siranta. Idan aka ce wane yana kiɗa da tara, ana nufin jerin da ya fara daga .009 ya ƙare yawanci a .042. Goma kan tashi daga .010 zuwa .046. Waɗannan biyu su suka fi yawa a jitar lantarki. A jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe, jerin .012 zuwa .053 shi ake ɗauka marar nauyi, .013 zuwa .056 kuma matsakaici. Ke nan siranta da kauri ba su da tsayayyar iyaka: abin da yake kakkaura a jitar lantarki siriri ne a ta katako.

Jitar gargajiya ta Sifaniya daban take. Da hanjin dabba ake yi mata tsirkiya, har zuwa ƙarshen shekarun 1940 lokacin da Albert Augustine, tare da haɗin kan makaɗi Andrés Segovia, ya fitar da ta nailan. Irin wannan ana sayar da ita da sunan ƙarfin ɗamewarta, wato sassauƙa, matsakaiciya ko mai tsauri.

3.0 Ƙa'idar Ɗamewa

A 1636 malamin nan Bafaranshe, Marin Mersenne, ya bayyana cewa abubuwa uku ne ke tsayar da muryar tsirkiya: tsawonta, nauyinta, da ƙarfin da aka ɗame ta. Gajarta da ɗamewa suna ɗaga murya, nauyi yana saukar da ita. Daga nan ake fahimtar cewa idan tsirkiya biyu tsawonsu ɗaya, ana kuma son su ba da murya ɗaya, dole a ɗame mai nauyin fiye da marar nauyin.

Ƙarin ɗamewar ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarin kaurin, domin nauyin waya yana bin kaurinta ne idan an ninka shi da kansa. Tara sau tara 81, goma sau goma 100. Saboda haka tashi daga .009 zuwa .010 yana ƙara ja da kimanin kashi 23 cikin ɗari, daga .009 zuwa .011 kuwa kusan rabi. A jita mai tsawon tsirkiya inci 25.5, tsirkiya ta farko idan .009 ce tana ja da ƙarfin da ya kusa kilo 6, idan .010 ce ya ɗan haura kilo 7, idan .011 ce kusan kilo 9, idan kuwa .013 ce ya haura kilo 12. Bambancin da bai wuce kaurin silin gashi ba, yatsa yana jin sa a matsayin kilo.

Wannan ƙa'ida ce ta bayyana dalilin naɗa wa manyan tsirkiyoyi wata waya a jiki. Tsirkiya ta shida tana karkarwa kimanin sau 82 a daƙiƙa, ta farko kuwa kimanin sau 330, wato ninki huɗu. Don su yi ɗamewa makusanciya, sai ta shida ta ninka ta farko kauri wajen sau huɗu. Waya zalla mai wannan kauri ta fara zama sanda, ba ta lanƙwasuwa, muryoyin da ke tashi a cikin amonta kuma ba sa daidaita da juna. Shi ya sa ake ɗaukar siririyar waya a tsakiya, a nannaɗe ta da wata: an sami nauyi, ba a rasa taushi ba.

Sauran abubuwa biyun ma suna aiki. Tsawon tsirkiya a yawancin jitocin Fender inci 25.5 ne, a na Gibson 24.75, don haka jeri ɗaya ya fi tsauri da kimanin kashi 6 cikin ɗari a kan Fender. Haka nan sassauta jita da rabin mataki na murya yana rage ja da kimanin kashi 11 cikin ɗari.

4.0 Siririyar Tsirkiya

Babbar fa'idar siririya ita ce sauƙin dannawa da sauƙin turawa. Makaɗin jita yakan danne tsirkiya ya tura ta gefe don muryar ta zarce sama ba tare da yankewa ba, ko ya girgiza yatsa don ta yi rawa. Wannan salo shi ke sa jita ta kusanci muryar ɗan Adam. A shekarun 1950 makaɗan Amurka irin su James Burton sun riƙa aro siraran tsirkiyoyin banjo suna ɗaura wa jita don su sami wannan taushi, har Ernie Ball ya fara sayar da jerin sirara a shirye, mai suna Slinky, a farkon shekarun 1960.

Illolinta uku ne. Na farko, saboda ba ta ɗamu sosai ba, takan yi lilo mai faɗi idan an buga ta da ƙarfi, ta taɓa ƙarafan da aka gitta a wuyan jita, a ji tana zuza. Na biyu, mai nauyin hannu yakan danne ta fiye da kima, muryar ta ɗan haura inda ake so, kiɗan ya fita daga daidaito ba tare da ya san dalili ba. Na uku, a jitar katako ba ta da nauyin da za ta girgiza fuskar jitar sosai, don haka amon yakan ragu.

Akwai kuskuren da ya kamata a gyara game da tsinkewa. Ana zaton siririya ta fi kusa da tsinkewa ne don ja ya yi mata yawa. Lissafi bai nuna haka ba: yadda jan yake raguwa da siranta, haka jikin da ke ɗaukarsa yake raguwa, saboda haka a murya ɗaya da tsawo ɗaya wahalar ƙarfen ɗaya ce. Abin da ke saurin kashe siririya shi ne tsatsar gumi, da kaifin bakin jaki, da dukan hannu, domin ɗan rauni kaɗan ya cinye kaso mai yawa na jikinta.

5.0 Kakkaurar Tsirkiya

Kakkaura tana jure duka, muryarta ba ta saurin kaucewa a ƙarƙashin yatsa, tana kuma barin a saukar da tsirkiya kusa da wuya ba tare da zuza ba. A jitar katako, inda tsirkiya ce kaɗai ke motsa katako, takan ba da amo mai ƙarfi da cika. Wanda ke son sassauta jitarsa zuwa ƙasa-ƙasan murya yana buƙatarta, in ba haka ba tsirkiyar ta saki.

Farashinta yana kan hannu da kuma kan katako. Jerin .012 yana jan wuya da fuskar jitar katako da ƙarfin da ya haura kilo 70, na .013 kuwa ya haura kilo 80, dare da rana. Tsohuwar jita ko marar ƙwari takan nuna gajiya: fuskarta ta kumbura a bayan jaki, jakin ya fara ɗagowa, tsirkiya ta yi nisa da wuya. Mafi muni shi ne a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don nailan, domin jan ya kusa ninka wanda aka gina ta a kai, kuma yawancin irinta ba su da sandar ƙarfe a cikin wuya.

6.0 Shin Kauri Shi Ne Murya?

Masu cewa babbar murya sai kakkaurar tsirkiya sukan kafa hujja da Stevie Ray Vaughan, wanda aka sani da jerin .013. Sai dai yakan sassauta jitarsa da rabin mataki, abin da ke mayar da jan tsirkiyarsa ta farko wajen kilo 11, kusa da na .012. A ɗaya ɓangaren, Tony Iommi na Birmingham ya rasa kan yatsunsa biyu a masana'anta yana ɗan shekara 17, dole ta sa ya koma ga sirara yana kuma sassauta su, amma da su ya gina ɗaya daga cikin muryoyin jita mafi nauyi da aka sani. Billy Gibbons ma an san shi da .007 da .008.

Dalili shi ne, a jitar lantarki maganaɗisu ne ke ɗaukar motsin tsirkiya, amfilifaya da lasifika su siffanta shi, don haka rabon kauri a cikin amon ƙarshe kaɗan ne. Inda kauri ya fi tasiri shi ne yadda yake sauya bugun makaɗi. Ɗan koyon da ya ɗaura .013 don wane ya ɗaura, ya faɗa cikin abin da Hausawa ke cewa kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

7.0 Yanayin Ƙasa da Sharuɗɗan Zaɓi

A ƙasar Hausa katako yana shan sauyi biyu a shekara. Da hunturu iska takan bushe, fuskar jitar katako ta ɗan faɗa, tsirkiya ta matso kusa da wuya, zuzar siririya ta ƙaru, wani lokaci katakon ya tsage. Da damina katakon yakan sha danshi ya kumbura, tsirkiya ta yi nisa, kakkaura ta ƙara wahalar dannawa. Zafi da gumi kuwa suna gaggauta tsatsa, abin da goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kiɗa yake ragewa.

Bisa ga waɗannan, ɗan koyo zai fi amfana da .009 a jitar lantarki, ko .011 a ta katako, har yatsunsa su yi kanta. Mai bugun rakiya da ƙarfi, ko mai kiɗa a fili ba lasifika, ya fi dacewa da kakkaura muddin jitarsa za ta ɗauka. Mai son duka biyun yana da jerin gauraye, sirara a sama, kaurara a ƙasa, kamar .009 zuwa .046. Kowane sauyi a yi shi mataki ɗaya, a kuma sake daidaita sandar wuya, da tsagin da tsirkiya ke kwanciya a saman wuya, da matsayin jaki, domin jitar da aka daidaita a kan wani ja ba ta zama daidai a kan wani.

8.0 Kammalawa

An ga cewa siririyar tsirkiya tana sauƙaƙa wa hannu tana neman kulawa wajen bugu, kakkaura kuma tana ba da tsayuwa da amo tana ɗora nauyi a kan yatsa da katako. Babu wadda ta fi wata a ko'ina. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ƙa'idar Mersenne kuwa ba ta tsaya a jita ba. Ita ce ke aiki a gurmin Haruna Uji da kuma goge, inda yawan tsagiyar da aka haɗa yake tsayawa a matsayin kauri. Akwai buƙatar manazarta su auna kauri, tsawo da muryar tsirkiyoyin molo, garaya da gurmi a hannun masu su, su kuma tattara kalmomin da makaɗa ke bambance tsirkiya da su, tun masu wannan ilimi suna raye.