Kafin A Kira Bakanike: Darasi A Kan Kula Da Tsohuwar Motar Gas



Motar da makaranta ko ikilisiya take da ita a wannan yanki namu na Lakwaya da Gwarzo da Kabo ba ta ƙawa ba ce. Ita ce ke kwaso hatsin ɗakin girki, ita ke kai masu bishara ƙauyuka, ita kuma ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibitin Gwarzo da tsakar dare cikin damina. Ran da ta ƙi tashi, wani lokaci rai ne ke cikin haɗari. Kuɗin gyaranta kuwa daga baikon talakawa yake fitowa. Saboda haka darasinmu shi ne: a gano ciwo kafin a sayi magani, a kuma fara bincike daga abu mai araha kafin a kai ga mai tsada.

Irin motocin da muke magana a kansu

Yawancinsu Land Rover ne ko Toyota Land Cruiser masu ja da ƙafa huɗu. An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948, aka sa mata injin gas a 1957. Samfurin da ake kira Series III an yi shi daga 1971 zuwa 1985, mai biye da shi kuma, wato Defender na tsohon fasali, an daina ƙera shi a 2016. Kamfanin Toyota na Japan ya fito da Land Cruiser 70 a 1984, a 1990 kuma ya sa mata inji mai silinda shida da ake kira 1HZ. Amfanin yawancin waɗannan tsofaffi shi ne babu kwamfuta a cikin injinsu. Mai ido da kunne da sifana yana iya gane yawancin larurarsu.

Yadda injin gas yake aiki

Duk wanda ya taɓa yi wa keke iska ya san gindin famfo yakan yi zafi. Dalili kuwa, iska in aka matse ta sai ta ɗau zafi. A kan wannan ne Rudolf Diesel, Bajamushe, ya gina injinsa da ya yi aiki sosai a 1897. Fistin yana matse iska a cikin silinda har ta koma wajen kashi 1 cikin 22 ko 23 na girmanta, zafinta ya wuce digiri 500. Daidai lokacin nan sai nozul ya fesa gas kamar hazo, gas ya kama da wuta da kansa. Ba a bukatar filogi mai tartsatsi irin na motar fetur.

Ke nan abu huɗu injin yake nema: batir mai ƙarfin juya shi, iska mai tsabta, gas mai tsabta wanda babu ruwa ko iska a cikinsa, da matsi mai kyau. In mota ta ƙi tashi, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya gaza. Aikin mai bincike shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: saurara

Murɗa makulli, ka kasa kunne. In ka ji ƙas-ƙas kawai, ko inji yana juyawa da ƙyar, laifin na wuta ne. Kunna fitilun gaba ka sake murɗawa. In sun dushe, batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi datti. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa: cire wayoyin, ka fara da ta bodi, ka wanke da ruwan ɗumi, ka goge, ka ɗaure tam. Mai mita ya auna. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6, in inji yana aiki kuma wajen 14. In bai ƙaru ba bayan inji ya tashi, duba fambel tukuna kafin ka zargi na'urar caji.

Da sanyin safiyar hunturu, a watan Disamba da Janairu, a jira hita ta ɗuma silinda kafin a tayar. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a jere, domin kik yakan ƙone.

Mataki na biyu: bi hanyar gas

In inji yana juyawa da ƙarfi amma bai tashi ba, dubi salansa. In babu hayaƙi ko kaɗan, gas ba ya isa silinda. A nan ne yawancin wahalarmu take, a nan ne kuma ake yawan ɓarnar kuɗi, domin da an ga haka sai a ce injekta ta mutu, alhali sau da yawa iska ce ta shiga bututu.

Hanyar gas ita ce: tanki, bututu, ƙaramin famfo mai jawo mai, filta, babban famfon injekta, sa'an nan nozul. Bi ta da wannan tsari.

1. Tabbatar akwai mai a tanki. Allurar tsohuwar mota takan yi ƙarya, a zura sanda mai tsabta in da hali.
2. Buɗe murfin tanki. In ka ji ya shaƙi iska da ƙarfi, ƙaramar ƙofar numfashinsa ta toshe.
3. Kwance ɗan makunnin da ke ƙasan filta ko tarkon ruwa, ka tara a kwalba. Ruwa ya fi gas nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa.
4. Sassauta ɗan kusar fitar da iska da ke saman filta, ka riƙa danna famfon hannu. A Land Rover mariƙinsa yana jikin ƙaramin famfo, a Toyota kuwa yana bisa kan filta. Ci gaba har kumfa ta ƙare, gas zalla ya fito, sa'an nan ka ɗaure.
5. In har yanzu ta ƙi, sassauta bututun ƙarfe biyu a bakin nozul, wani ya murɗa makulli har gas ya ɓullo, ka ɗaure, a tayar.

In mota tana tashi ta yi tafiya kaɗan ta sake mutuwa, ga gwaji mai sauƙi. Zuba gas mai tsabta a galan, ka zura tiyo daga galan zuwa filta, ka bar tanki gefe. In inji ya yi aiki lafiya, ciwon yana tsakanin tanki da filta, injekta ba ta da laifi. Ɗan guntun tiyo mai haske da aka haɗa a hanyar mai yana nuna kumfa ƙiri-ƙiri.

Gargaɗi biyu. Kada ka kai hannu kusa da feshin nozul, domin ƙarfinsa yana huda fata. Kada kuma kowa ya buɗe cikin famfon injekta a gindin bishiya. Ƙura kaɗan ta isa ta lalata shi. Wannan aikin masu na'urar gwaji ne a Kano.

Game da mai kuma, gas ɗin bakin hanya wani lokaci a gauraye yake da kananzir ko ruwa. Kananzir ba shi da santsin da famfon injekta ke bukata, a hankali yake cinye shi. In dole ta sa an saya, a bar shi ya kwana a duro, a ɗebi na sama, a tace da ƙyalle mai tsabta.

Mataki na uku: karanta hayaƙi

Hayaƙi shi ne bakin da inji yake magana da shi.

Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa. A ƙasarmu mai ƙurar hunturu da hanyoyin burji, filtar iska ce abin dubawa na farko. In ta takarda ce, a kakkaɓe a hankali ko a sake. In irin mai kaskon baƙin mai ce, kamar ta Series III, a wanke kaskon a zuba sabo har layin da aka zana. Sai bayan wannan za a yi zancen nozul ko lodi fiye da kima.

Farin hayaƙi mai yaji a ido gas ne da bai ƙone ba. In da safe ne kawai, ya kuma ɓace da inji ya ɗumi, hita ce ta raunana. In ya daɗe, kuma ruwan lagireto yana raguwa, a zargi gaskit na kan inji.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, alamar zobban fistin sun ci. Wannan ya wuce gyaran gida, amma sanin sa yana ba kwamiti damar shirya kuɗi tun da wuri.

In inji yana karkarwa kamar gurgu, silinda ɗaya ce ba ta aiki. Yana kunne, a rufa ƙyalle, a sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka sassauta sautin inji bai canza ba, shi ne mai laifi.

Zafin inji

Bayan girbi, ƙaiƙayi da ciyawa sukan toshe fuskar lagireto, da damina kuma laka. A wanke daga baya zuwa gaba. Danna fambel da babban yatsa. Kada ya lotsa fiye da wajen santimita 1. In allura ta hau ja, a tsaya nan take. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, kada kuma a kwara wa inji ruwan sanyi, domin kansa yana iya tsagewa. Bayan ya huce, in an cika ruwa aka tayar aka ga kumfa tana ta tasowa, ko baƙin mai ya koma kamar koko, gaskit ya ƙone. Kada a ci gaba da tafiya.

Ƙafa huɗu

A Series III, ana danna ɗan mariƙi mai ruwan ɗorawa don shigar da ƙafa huɗu, jan mariƙi kuma shi ne na ƙaramar giya mai ƙarfi. A Land Cruiser 70, sai an juya makullan tayoyin gaba tukuna. A shigar da ita kafin a faɗa cikin yashi ko taɓo. Da zarar an hau kwaltar Gwarzo zuwa Kano kuma a fitar da ita. A kan kwalta tayoyin gaba da na baya ba su samun zamewa, sai giya ta ɗaure, haƙoranta su wahala.

Kafin a ƙetare rafi, a sauka a auna zurfinsa da sanda. In ruwa ya shiga ta hanyar iska, fistin ba ya iya matse shi, sai sandarsa ta lanƙwashe. Motar da ta mutu cikin ruwa kada a tayar da ita, a jawo ta. Washegari a duba man giya da na aksul. In ya yi fari, a juye.

Littafin mota

A ajiye littafi guda a cikin mota. A rubuta rana, da kilomita, da man da aka sha, da kowane gyara. A juye baƙin mai da filtarsa kowane kilomita 5,000. Injin 1HZ yana da bel na taimin wanda ake sakewa a kilomita 100,000, in ya tsinke ɓarnar babba ce. Kowace safiya a duba abu biyar: baƙin mai, ruwa, man birki, iskar taya, da ƙasan mota ko akwai ɗigo. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

In za a sayo kayan gyara a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, a tafi da tsohon a hannu da lambar inji, a kuma karɓo rasit. Bakanike ɗan'uwanmu ne a wannan aiki. Wanda ya je masa ya ce, "Maigida, na duba batir, na fitar da iska, na gwada da galan, farin hayaƙi take yi ko ta ɗumi," ya rage masa rabin aiki, ya kuma rage wa ikilisiya rabin kuɗi.

Aiki don ɗalibai

1. Zana hanyar gas daga tanki zuwa nozul, ka sa sunan kowane sashe.
2. Mota tana juyawa da ƙarfi, babu hayaƙi a salansa. Rubuta abu biyar da za ka duba bi da bi.
3. Me ya sa ba a sa ƙafa huɗu a kan kwalta?
4. Da izinin shugaban makaranta, ku roƙi direba ya nuna muku yadda ake fitar da iska daga filta. 'Yan mata ma su matso kusa, sifana ba ta san namiji ko mace ba.

Motar da aka saya da baikon jama'a amana ce a hannunmu. Ubangiji ya ba mu aminci cikin riƙonta, ya kuma kiyaye direbobinmu a kan hanya. Amin.