Alhaji, Kafin Ka Hau Dutsen Hira, Biyo Ta Wurinmu

Ni ma'aikacin jinya ne, kuma Allah ya nufa na sha raka alhazan jiharmu ƙasa mai tsarki a cikin tawagar lafiya. Wurin aikinmu a Makka bai wuce ɗaki biyu ko uku a ƙasan masauki ba: gado, na'urar awon jini, kwalayen magani, sai layin masu tari da mura da ciwon ƙafa. Amma akwai waɗanda tun daga bakin ƙofa nake gane inda suka fito. Za ka ga an rirriƙo mutum ta kafaɗa biyu, riga ta jiƙe sharkaf, leɓe ya bushe, ƙafa ta yi futu-futu da ƙura. Kafin in buɗe baki ɗan rakiya zai ce, "Likita, daga Dutsen Hira muke." Saboda su nake wannan rubutu.

Dutsen Hira, wato Jabalun Nur, yana arewa maso gabas da Masallacin Harami, tafiyar 'yan kilomitoci, tsayinsa kimanin mita 640 daga doron teku. A kogon da ke kusa da ƙolinsa Annabi (SAW) yake keɓewa, a nan kuma Mala'ika Jibrilu ya zo masa da wahayin farko cikin watan Ramadan, yana ɗan shekara 40, wajen shekara ta 610 miladiyya. Duk wanda ya taso yana jin wannan tarihi tun yana riƙe da allo, ranar da aka nuna masa dutsen ta tagar mota dole zuciyarsa ta motsa. Ban ga laifin kowa ba. Ni ma na hau, kuma da na isa bakin kogon sai da na yi hawaye.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Daga ƙasa dutsen kamar ka miƙa hannu ka taɓa kansa. Tun kafin ka kai matakala ta farko, titin da ke kai ka gindinsa ya isa ya sa ka haki. Matakalar kuwa ta haura dubu, kuma ba irin ta bene ba ce da ƙafa ke sabawa da ita: wata taku ɗaya ce, wata sai ka ɗaga gwiwa sosai, wata ta goge saboda yawan takawa. Matashi mai jini a jika yakan ci kusan awa guda, dattijo kuma awa biyu ko fiye. In ka kai ƙoli ba ka gama ba, don kogon yana ɗan gangare ta ɗaya gefen, sai ka sauka ka matsa ta wani tsukukun lungu tsakanin duwatsu. Tsawonsa bai cika mita huɗu ba, faɗinsa mita ɗaya da rabi da 'yan kai, ga jama'a daga ko'ina a duniya kowa na son ya leƙa. Wato bayan gajiyar hawa akwai tsayuwar layi da turereniya, sannan duk abin da ka hau yana jiranka ka sauko shi.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa da shi. Manomi ne, ya doshi saba'in, jikinsa a murɗe, irin mutanen da ba su san kwanciya da rana ba. Yana da ciwon suga. Bayan asuba ya haɗiye ƙwayarsa kamar kullum, ya kurɓi shayi, ya bi samarin ɗakinsu. Sun kai wajen rabin dutsen sai hannunsa ya fara rawa, gumi mai sanyi ya keto masa, ya riƙa wasu maganganu da ba su da kan gado. Yaran suka zaunar da shi suna yi masa tofi, wani ma ya ce ko iska ce ta taɓa shi. Allah ya taimaka wani Bature Musulmi da ke saukowa ya lura, ya ba shi lemon kwali mai zaƙi, sannan suka sauko da shi a goye. Da na auna shi, sugansa yana nan ƙasa da 70, ma'aunin da in an gaza shi muke cewa suga ya faɗi. Da ya dawo hayyacinsa na ce, "Baba, me ya hana ka gaya musu tun da ka ji jiri?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, kunya. Yaran nan jikokina ne, ya zan ce na gaza?"

Abin da ya faru da shi ba wani abin mamaki ba ne. Tsoka mai aiki suga take ci, ga magani ya riga ya shiga jini yana ƙara sauke shi, ga ciki babu komai. Mai shan ƙwayar suga irin wadda ke sa jiki fitar da insulin, ko mai yin allurar insulin ɗin, shi ya fi shiga wannan haɗari. Dabino uku ko huɗu a aljihu, da abokin tafiya guda da ya san alamun, da sun wadatar. Amma maganar kunyar nan ita ta fi tsaya mini a rai, don na ƙara jin ta daga bakuna da yawa bayan nasa.

Sai zafi, wanda shi ne babban abin tsoronmu. A aikin Hajjin 2024, cikin watan Yuni, ma'aunin zafi a Makka ya kai 51.8, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301. Ba a kan dutsen nan suka rasu ba, amma ranar da ta buge su ita ce dai ke kan dutsen, ga shi kuma inuwa kaɗan ce, duwatsun suna ɗaukar zafi suna maido maka da shi ta ƙasa. Mu 'yan Arewa mukan ce ai mun saba da rana. Gaskiya ne, mun san zafin bazara. Amma a gida in rana ta take, kowa gindin bishiya yake nema, babu mai hawa dutse da azahar bayan kwanakin rashin barci da sauyin abinci.

Jiki da gumi yake sanyaya kansa, gumi kuwa ruwa ne da gishiri. In suka yi ƙasa sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka, fitsari ya ragu ya yi duhu kamar shayi. A wannan mataki inuwa da hutu da ruwan gishiri da suga sukan dawo da mutum. Matakin da ke kashewa shi ne in zafin cikin jiki ya haura 40, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Alamar da nake roƙon kowa ya riƙe ita ce ruɗewa: mutum ya kasa gane abokinsa, ko ya riƙa faɗa babu dalili, ko ya yi tangaɗi, ko ya suma. Nan babu jira. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufa, a kwarara masa ruwa a jiki ana yi masa fifita, in da ƙanƙara a sa a wuya da hammata da matsematsi, wani kuma ya kira lambar agajin gaggawa, 997 ko 911. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, zai iya shaƙewa. Farasitamol ma ba ya sauke irin wannan zafin, kada a ɓata lokaci wajen nemansa.

Masu hawan jini da ciwon zuciya, ku ma da ku nake. Hawa yana tilasta wa zuciya aiki ninki-ba-ninki, wasu magungunan hawan jini kuma suna sa yawan fitsari, sai ruwan jiki ya ƙare da wuri. In ka ji ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, ko ciwon ya sauka hannun hagu ko haɓa, zauna a inda kake a nemo taimako. Kada ka ce bari in ƙarasa, saura kaɗan.

Abin da mutane ba sa zato shi ne yawancin raunukan da nake ɗaurewa a saukowa aka same su. Ƙafa ta gaji tana rawa, gwiwa na ɗaukar nauyin jiki duka a kowane taku, hankali ya koma masauki. Ga silifa a ƙafa, ga doguwar riga ko hijabi har ƙasa, hannu ɗaya da waya ɗaya da leda. Akwai birai ma a dutsen, in sun ga leda sukan kawo wafta, mutum ya firgita ya goce. Wata Hajiya ta taka bakin hijabinta ana saura kwana huɗu a fita Mina, ta karye a idon sawu. Shekara da shekaru tana adashi don wannan tafiya, ƙarshe a keken guragu ta yi ɗawafi da sa'ayi, jifa kuma wakilci ta bayar. Kukan da ta yi a ɗakinmu ba na zafin karaya ba ne.

Ni ba malami ba ne, amma a duk bitar da na zauna malamanmu sun faɗa ƙarara cewa hawan Dutsen Hira ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara, wanda bai hau ba babu abin da ya ragu a ibadarsa. Haka Dutsen Saur, inda Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar suka ɓuya kwana uku a hanyar hijira, wanda ya ma fi Hira tsawo da wuyar hawa. Abin da ya kawo ka yana gaba: tsayuwar Arfa, kwanan Muzdalifa, kai-komo tsakanin tanti da wurin jifa, ɗawafi, da sa'ayin da shi kaɗai ya kai kilomita uku. Ƙarfin da za ka yi waɗannan da shi amana ne a hannunka. Shawarata a kullum ita ce duk mai son hawa ya bari sai an sauko daga Mina an huta. Dattawa da masu ciwon gwiwa kuwa, yanzu an gina wurin baje kolin tarihin wahayi a gindin dutsen, za ka je ka ga dutsen da idonka, ka ji tarihinsa, ka koma lafiya.

Wanda lafiyarsa ta ba shi dama, ya fara shiri tun daga gida. Makonni kafin tashi ya riƙa tafiyar ƙafa kullum yana hawa bene, mutumin Kano ya gwada kansa a Dala ko Goron Dutse, na Zariya a Kufena. Ranar hawa a fita da sanyin asuba ko bayan rana ta faɗi, da tocila in da duhu. A ci abinci tukuna. Takalmin kambas mai kama ƙasa, tufa marar ja, jakar goyo da ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, ana kurɓa tun kafin ƙishi ya zo, hannaye biyu a sake. Mai ciwon suga kada ya kuskura ya taka dutsen nan ba takalmi, don ƙafarsa na iya ƙonewa bai ji ba. Akwai gwajin da nake koya wa kowa: in ba za ka iya yi wa na kusa da kai magana ka kai ƙarshenta ba tare da numfashi ya yanke ba, ka yi sauri da yawa, tsaya ka huta. In ka huta abin bai lafa ba, juya. Ku yi wannan alkawari tun a ƙasa, cewa in ɗaya ya juya wani zai raka shi, kuma babu mai yi masa gori.

Samari, ku ne kuke ɗaukar dattawan nan ku tafi da su, kuma na san don ƙauna kuke yi. Amma dattijon Bahaushe ba zai ce muku ya gaji ba. Ku riƙa duban fuskarsa da takunsa, in kun ga alama ku ce ku ne kuke son hutawa. Ku kuma 'ya'yan da kuka biya wa iyaye kujera, in kun kira waya ku tambayi maganinsu da abincinsu kafin ku ce su turo muku hoto daga bakin kogo.

Ɗakinmu a buɗe yake dare da rana, awon jini da na suga kyauta ne, kuma ba ya cin minti biyar. Don Allah, Alhaji, don Allah, Hajiya, kafin ku shiga motar zuwa Dutsen Hira ku biyo mu auna ku.