Ɗalibi a Gidan Iyayensa

Karatu: Luka 2:41-52, Markus 7:9-13, Afisawa 6:1-4

Wataƙila kana cikin matasan nan da suke tashi da asuba a Aboabo, ko Asawase, ko Sabon Zongo a Kumasi, su shiga motar trotro zuwa makaranta, su komo da dare a gajiye. Abokanka suna da ɗakunansu kusa da jami'a. Kai kuwa har yanzu kana kwana ɗaki ɗaya da ƙannenka, Baba kuma yana tambayarka inda ka tsaya har dare ya yi. Darasinmu na yau dominka ne.

Ba kai kaɗai ba ne

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah ta buɗe a 1952 a matsayin kwaleji, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. Manyan gidajen kwananta na asali guda 6 ne, ɗalibai kuwa sun fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. Tun da Gana ta fara ba da karatun babbar sakandare kyauta a 2017, masu neman shiga jami'a suka ƙara yawa. Ɗakunan haya na ɗalibai a Ayeduase da Kotei da Bomso suna da tsada, sau da yawa kuma kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya. Mahaifin da yake sayar da goro, ko mahaifiyar da take dama koko da soya ƙosai, ina za su sami wannan bayan kuɗin makaranta? Saboda haka zamanka a gida ba abin kunya ba ne. Amma zama ne mai gwaji. An ce, zo mu zauna, zo mu saɓa.

Ina matsalar take? A dokar ƙasa kai babba ne tun da ka cika shekara 18. A aji malamai suna neman ra'ayinka. Amma da ka shiga ƙofar gida, sai ka koma yaron da ake aike. Kana da jarrabawa gobe, ga surutun maƙwabta a tsakar gida, ga Mama tana cewa ka je Kejetia ka ɗauko mata kaya. A nan ne zuciya takan fara gunaguni, daga gunaguni kuma sai raini.

Dubi Yesu a Nazarat

Luka ya gaya mana cewa sa'ad da Yesu yake da shekara 12, an same shi a Haikali a tsakiyar malamai, yana saurarensu, yana yi musu tambayoyi, mutane suna mamakin fahimtarsa. Maryamu da Yusufu ba su gane amsar da ya ba su ba. Duk da haka ya bi su zuwa Nazarat, ya yi musu biyayya. Bai fara hidimarsa ba sai da ya kai wajen shekara 30, mutanen garinsu kuwa sun san shi da sana'ar sassaƙa. Ka lura da wannan: a cikin gidan nan ne, wurin iyayen da ba su fahimce shi sarai ba, ya yi ta ƙaruwa da hikima. Idan ka fi iyayenka ilimin boko, wannan bai ɗauke maka girmama su ba. Gumin su ne ya kai ka inda kake.

Kada karatu ya zama hujja

A Markus sura 7, Yesu ya tsauta wa waɗanda suke cewa sun keɓe dukiyarsu ga Allah, domin su guje wa taimakon iyayensu. Sun ɗauki abu mai kyau sun mai da shi mafaka. Haka ɗalibi zai iya yi da kalmar nan, "Ina karatu." Ba ya shara, ba ya ɗebo ruwa, ba ya duba aikin makarantar ƙaninsa, amma yana da sa'a biyu ta hira a waya. Ka tambayi kanka da gaskiya: gidanku gida ne a gare ka, ko masauki ne da kake ci kake kwana kyauta?

Abubuwa uku da za ka yi

Na fari, ka yi magana tun da wuri. Iyaye da yawa ba su san yadda tsarin jami'a yake ba. Ka sami lokacin da Baba ya huta, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, jarrabawarmu za ta fara mako mai zuwa. Ina roƙo a ɗaga mini aike da yamma har mu gama." Roƙo cikin ladabi ya fi fushi bayan an aike ka.

Na biyu, ka ɗauki wani aiki ya zama naka, ba sai an tuna maka ba. Ko wanke-wanken safe ne, ko rakiyar Mama kasuwa ran Asabar, ko koya wa ƙannenka lissafi. Babba shi ne wanda ake dogara gare shi.

Na uku, ka faɗi gaskiya game da fitarka da kuɗinka. Idan za ka tsaya a ɗakin karatu har dare, ka kira gida. Kada ka ƙara ko sidi ɗaya a kan kuɗin littafi. Amana ita ce take sayo 'yanci.

Kalma ga iyaye

Manzo Bulus bai tsaya a kan 'ya'ya kawai ba. Ya gargaɗi iyaye kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Baba, Mama, wanda yake zaune da littafi ba zaman banza yake yi ba. Musamman 'ya mace, kada girki da wanki su cinye lokacinta alhali 'yan'uwanta maza suna hutawa. Ku ba su wuri da lokaci, ku kuma ji shawararsu.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, shekarun nan kaɗan ne. Ba da daɗewa ba aikin bautar ƙasa zai iya kai ka wani gari. Me za a tuna da shi a kanka a gidan nan?

Don tunani: Wane aiki ne za ka ɗauke wa iyayenka a wannan mako?

Addu'a: Ya Ubangiji, na gode maka saboda iyayena da wahalar da suke sha domina. Ka gafarta mini gunaguni da raini. Ka ba ni hikima a aji, da tawali'u a gida. Amin.