Yadda Ake Gane Zabuwa da Yadda Ake Renonta

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, zabuwar da nake nufi a nan ba tsuntsuwa ba ce. Wani tsiro ne mai kaurin ganye wanda waɗansu ke kira kabar giwa, Turawa kuma su ce Aloe. An sa mata wannan suna ne saboda ɗigo-ɗigon fari da ke jikin ganyenta, kamar na zabo. Danginta sun fi iri 500, yawancinsu a Afirka da Madagaska da ƙasar Larabawa. Wadda ta fi suna ita ce Aloe vera, mai fure rawaya.

Da farko sai a san yadda ake gane ta, domin mutane da yawa sukan ɗauki moda a matsayinta. Ganyen zabuwa yana fitowa a kewaye daga gindi ɗaya, da ƙananan ƙayoyi a gefensa, in an karya shi kuwa sai a ga ruwa mai yauƙi. Ita moda ba ta da ƙaya a gefe, cikin ganyenta kuma zare ne. In zabuwa ta isa fure, takan fid da doguwar sanda daga tsakiya, furanni ja ko rawaya su rataya a kanta. Ƙananan tsuntsaye masu dogon baki sukan zo shan zaƙinsu.

Wajen shuka, hanya mafi sauƙi ita ce a cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwar, tare da saiwarsu. A ajiye su a inuwa kwana 2 har ciwon ya bushe, sa'an nan a dasa. Kada a ba su ruwa sai bayan mako guda. Ganyen da aka yanka aka binne yawanci ruɓewa yake yi.

Mai son ta cikin ɗaki sai ya nemi tukunyar ƙasa, ya huda gindinta, ya cika ta da yashi kashi 2, ƙasa mai taki kashi 1. Ya ajiye ta bakin taga inda rana ke shigowa. Amma fa a ɗaki da wuya ta yi fure, don hasken ba ya isarta. Mai son ganin fure lalle ya fitar da ita waje inda za ta sami rana kamar awa 6 kullum, ya kuma yi haƙuri, gama sai ta shekara kamar 4 kafin ta soma. A riƙa fitar da ita kaɗan-kaɗan, don kada rana ta ƙona ganyen. A tsakar gida kuwa a yi mata tudu, saboda ruwan Agusta kada ya kwanta a gindinta.

Babban abin da ke kashe zabuwa shi ne yawan ban ruwa. Tana da guzurinta a ganye, saboda haka kada a ƙara mata sai an tura yatsa an ji ƙasar ta bushe. In ganyen ya yi laushi ya koma rawaya, to, saiwar ta fara ruɓewa.

Daga ƙarshe ina jan kunnen iyaye. Ruwan nan rawaya mai ɗaci da ke ƙarƙashin fatar ganyen yana sa zawo ƙwarai, kada a bar yara ko mai ciki su sha. Rigakafi ya fi magani.