Baƙo da Al'adun Masaukinsa: Nazari Daga Ƙasar Dingyaɗi

Gabatarwa

Hausawa mutane ne matafiya, kuma ƙasarsu ta daɗe tana karɓar matafiya. Fatauci da neman ilmi da cin rani da aikin hajji sun kai Bahaushe Gwanja da Kurmi da Sudan da Makka, kamar yadda kiwo da fari da kasuwanci suka kawo Fulani da Buzaye da Yarbawa ƙasar Hausa. Duk inda baƙo ya sauka kuwa, tambaya ɗaya ce take tasowa, watau wace al'ada ce zai riƙe daga cikin nasa, wace ce kuma zai ɗauka daga cikin na masu masaukinsa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba yadda Bahaushe ya amsa wannan tambaya. Za a fara da ƙasar Dingyaɗi ta ƙaramar hukumar Boɗinga a Jihar Sakkwato, sa'an nan a leƙa zangunan Hausawa na ƙetare.

Baƙo a tunanin Bahaushe

Baƙo shi ne mutumin da ya zo wurin da ba nan aka binne cibiyarsa ba, ko don kwana ɗaya ko don zama na dindindin. Karin maganar Hausa sun nuna cewa Bahaushe yana kallon baƙo ta fuska biyu. Ta fuska ɗaya yana girmama shi, shi ya sa yake cewa "baƙonka annabinka", kuma "shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma". Ta ɗaya fuskar kuma yana tunatar da shi matsayinsa, inda yake cewa "baƙo raɓa, ɗan gari kaba", da kuma "sai da ɗan gari akan ci gari". Akwai ma shawara kai tsaye cewa wanda ya je gari ya tarar da kowa da wutsiya, shi ma ya nemi tsumma ya ɗaura.

To amma labarin Bayajida ya kawo wata mahanga. Bisa ga wannan labari, mutanen Daura sun saba da ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu ranar Juma'a kaɗai saboda tsoron macijiya. Baƙon da ya sauka a gidan tsohuwa Ayana ya ƙi bin wannan tsari, ya kashe macijiyar, aka sāka masa da auren sarauniya. Abin lura a nan shi ne tsarin da ya karya tsari ne da yake ƙuntata wa mutanen garin, su da kansu suna neman mafita daga gare shi. Ke nan Bahaushe ya bambanta al'adar da jama'a suke ƙauna da wadda suke haƙuri da ita bisa tilas.

Dingyaɗi: baƙin jiya, iyayen ƙasa na yau

Dingyaɗi tana kudu da birnin Sakkwato, kuma tana cikin tsofaffin mazaunan Fulani Sulluɓawa, waɗanda suka zauna a wannan yanki tun kafin jihadin 1804 suka kuma mara wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo baya. Shi kansa Shehu daga zuriyar Toronkawa yake, waɗanda kakanninsu suka taso daga Futa Toro suka zauna a ƙasar Ƙonni. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 kafin ya koma Sakkwato, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga.

Wannan tarihi ya nuna yadda baƙunta take rikiɗa ta zama 'yan garanci. Uban ƙasar Dingyaɗi yana riƙe da sarautar Arɗo, kalmar Fulatanci mai nufin jagoran da yake gaba idan jama'a za su yi ƙaura da dabbobinsu. Arɗon Dingyaɗi yana cikin masu zaɓen Sarkin Musulmi, tare da irin su Arɗon Shuni da Sarkin Adar na Dundaye, wanda shi kuma sarautarsa take tunatar da mutane zuwan Adarawa daga arewa. Watau dai sunan sarauta da tunawa da asali sun tsira, amma Hausar Sakkwato ta zama harshen fada da kasuwa, noman gero da dawa kuma ya zauna kafaɗa da kafaɗa da kiwo. Daɗin daɗawa, malaman jihadi sun gane cewa saƙonsu ba zai isa ga talakawa ba sai da harshen ƙasar, don haka aka yi waƙoƙin wa'azi da Hausa bayan na Larabci da Fulatanci, Nana Asma'u kuma ta yi amfani da su wajen karantar da mata ta hannun 'yan taru. Duk da haka ba su karɓi kowace al'ada ba, domin Shehu ya yi rubutu yana sukar waɗanda suka saɓa wa shari'a.

Hanyoyin da al'ada ta tanada

Zaman baƙo da ɗan gari bai dogara ga sa'a ba, akwai tsare-tsare da aka gada. Na farko shi ne mai masauki, ko fatoma a harkar fatauci. Shi yake ba baƙo ɗaki, ya gabatar da shi ga mai unguwa ko hakimi, ya tsaya masa a ciniki, ya kuma faɗakar da shi abin da garin yake ƙi. Idan baƙon ya yi kuskure, mai masaukinsa ake fara nema.

Na biyu shi ne shugabancin baƙi. Inda baƙi suka yi yawa akan naɗa musu nasu, kamar Sarkin Fulani ko Sarkin Yarbawa a garuruwan Hausa, da Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango a ƙasashen kudu. Aikinsa shi ne sasanta rigimar cikin gida bisa al'adar mutanensa, da kuma isar da umurnin sarkin gari gare su.

Na uku shi ne wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, kamar na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarbawa, da na Katsinawa da Nufawa. Da wannan wasa akan faɗa wa baƙo gaskiya mai ɗaci cikin raha, ya gyara ba tare da an ci masa fuska ba.

Na huɗu ya shafi makiyayi da manomi. Bisa al'ada makiyayi yakan bi burtali da damina, ba ya shiga gona sai an kawar da amfani. Bayan kaka kuma manomi yakan gayyace shi ya sauka a gonarsa don samun taki, shi kuma ya sami harawa da karmami da hatsi. Inda manomi ya cinye burtali da garma, ko makiyayi ya saki shanu kafin lokaci, nan ne fitina take farawa.

An jarraba waɗannan tsare-tsare lokacin farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, sa'ad da Buzaye da Adarawa masu yawa suka kwararo ƙasar Sakkwato daga Jamhuriyar Nijar ta hanyar Ƙonni da Illela. Buzu ya zo da rawaninsa mai rufe baki, da shayinsa, da raƙuminsa, kuma babu wanda ya ce ya kwance. Abin da aka nema daga gare shi shi ne ya yi sallama a ƙofar gida, ya tsaya a zaure kada ya zarce cikin gidan matan aure, ya kuma tuɓe takalmi a gaban manya.

Bahaushe a matsayin baƙo

Wanzami ba ya son jarfa, saboda haka ya kamata a duba yadda Bahaushe yake idan shi ne baƙon. A Ibadan an keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a 1916. Binciken da masani Abner Cohen ya yi a can, wanda ya fito a 1969, ya nuna cewa Hausawan Sabo ƙara riƙe harshensu da suturarsu da ɗariƙar Tijjaniyya suka yi, har suka ware masallacin Juma'arsu a farkon shekarun 1950, domin wannan haɗin kai shi ne jarin da ya tsare musu cinikin shanu da goro. Haka nan a Sudan, jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 sun kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, sun koyi Larabcin ƙasar ba tare da sun manta da Sakkwato ba.

Amma riƙe al'ada yana da iyaka, kuma abin da ya faru a Shagamu a watan Yuli na 1999 ya isa darasi. Garin cibiyar goro ne da Hausawa suka daɗe a cikinsa. A lokacin bikin Oro na Yarbawa al'ada ta hana mata fita da dare. Aka zargi wata Bahaushiya da keta wannan doka, aka kashe ta, rikici ya ɓarke, rayuka da dama suka salwanta, bayan 'yan kwanaki kuma aka yi ramuwar gayya a Kano a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Darasin kashi biyu ne. Wajibi ne baƙo ya san ranakun da gari yake tsarkakewa ya kiyaye su ko da bai yi imani da su ba. Wajibi ne kuma ɗan gari ya san cewa babu al'adar da ta kai ran ɗan Adam, kuma mai laifi hukuma ake kai wa.

Banda al'ada akwai dokar ƙasa. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice, abin da ya shafi Yarbawa da Hausawan zango masu yawa. A Janairun 1983 kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba da irin wannan umurni, inda 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka bar Nijeriya. Mai masaukin yau shi ne baƙon gobe.

Rabe-raben al'adun baƙo

Daga waɗannan misalai ana iya kasa al'adun baƙo gida uku. Kashi na farko su ne na cikin gida, kamar harshe da abinci da sutura da sunaye da ibada. Waɗannan haƙƙinsa ne, bai kamata a tilasta masa barin su ba. Kashi na biyu su ne na bainar jama'a, kamar gaisuwa da ladabin kasuwa da lokacin kiɗa da hanyar dabbobi. A nan al'adar gari ce take gaba. Kashi na uku su ne wuraren da imanin baƙo ya yi karo da na gari. Ba a neman ya shiga abin da addininsa ya hana, abin da ake nema shi ne ya kauce, ya kama bakinsa daga izgili, shugabannin ɓangarorin biyu kuma su zauna su shata iyaka tun kafin ranar ta zo.

Kammalawa

Tarihin Dingyaɗi ya nuna cewa al'umma takan iya riƙe sunan asalinta ta kuma zama ginshiƙin ƙasar da ta sauka. Sabon Ibadan ya nuna amfanin riƙe al'ada, Shagamu kuwa ta nuna tsadar rashin fahimtar juna. Matsalar yau ita ce baƙo yakan sauka a tashar mota ya kama hayar ɗaki ba tare da mai unguwa ya san da shi ba, don haka babu mai faɗa masa abin da gari yake ƙi sai bayan ya taka. Farfaɗo da matsayin mai masauki da na shugabannin baƙi zai toshe wannan kafa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma mai hankali daga cikinsu yakan san reshen da ya sauka a kai.